Me ke kai 'ya'yanmu ga tura hoton jikinsu ta waya? Ku taya ni tunani

Inna Mai Ɗinki, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, tun kafin sallah take cina, kuma ba ni da wanda zan iya faɗa wa ido da ido.

Ni tela ce, shagona yana wajen Yelwa a nan Garwa ta Kamaru, keke uku da yara biyu masu koyo. Ina riƙon 'yar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda Allah ya yi wa rasuwa shekara 6 da suka wuce. Yarinyar shekararta 16, tana ajin sagon, wato aji biyar na sakandare, a lise. Sunanta da na makarantar ku bar ni da su. Yafendo take ce mini, irin na maƙwabtanmu Fulani, tun tana ƙarama bakinta ya kama haka.

Da ta ci BEPC bara, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, na kwashi adashina na saya mata Tecno ta hannu, sefa 28,000. Ba gata kaɗai ba ne. Ajinsu na da rukuni a WhatsApp inda ake tura darasi da aikin gida, kullum sai ta ari tawa, ni kuma tawa ita ce rabin shagona, ta nan mata ke turo mini samfurin ɗinki. Na ce to ga taki, ki sakar mini tawa. Makaranta ba a shiga da waya, in sarbeyan, mai sa ido kan ɗalibai, ya kama ta tafi ke nan, don haka a gida take barinta. Wannan ne ya kwantar mini da hankali. Waya na gida, yarinya na gida, me zai faru?

Masu sana'ata sun san yadda Fabrairu da Maris suka kasance. Atamfar ranar mata ta 8 ga Maris ba ta sauka daga kan keke ba azumi ya kama, kayan sallah suka danno. Sai in fita bayan asuba, in leƙo gida in sha ruwa, in koma shago har ɗaya ko biyun dare. Maigidana direban babbar mota ne, Ngaundare zuwa Kusiri, sai ya yi sati biyu ba mu sa shi a ido ba. 'Ya'yana ƙanana ne, ana isha'i sun ɓingire. Ita kaɗai ke nan da waya, kullum dare.

Ba wai babu alama ba, ni ce ban lura ba. Yarinyar da ke shanye kofi biyu na kunun gyaɗa da shan ruwa ta koma kurɓa ɗaya ta ajiye. Na ce zafi ne, wa bai san Garwa a Maris ba. Ta roƙe ni jaka biyu, sefa 2,000, wai na fotokofi, bayan kwana huɗu ta sake neman jaka uku. Sannan gwangwanin madarar da nake tara canji a ciki ya fara sauƙi. Na zargi ɗaya daga cikin yaran shago, Allah ya yafe mini.

Ana saura kwana uku sallah wuta ta ɗauke, na rufe shago da wuri. Na tarar sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ita ta lulluɓa da zane har ka, cikin wannan zafin, hasken waya na ratso zanen, kafaɗarta na rawa. Na yaye zanen na fizge wayar.

Wanda take hira da shi ba baƙo ba ne, ba wani ƙato daga Duwala ko Legas ba. Yaron unguwarmu ne, ɗan tarminal, ajin ƙarshe na lise, ni nake yi wa uwarsa ɗinki, shi kansa ya sha zuwa karɓar mata kaya yana durƙusawa har ƙasa ya gaishe ni. Na kifa turmi na zauna na karanta hirarsu daga farko, ta wata huɗu. Da lissafi aka fara, yana warware mata aikin gida ya ɗauki hoton takardar ya turo. Sai kiredin 500, wato katin waya, in nata ya ƙare. Sai jaka ɗaya ta Orange Money wai ta sayi makala, irin fanken nan. Sai "kin ci abinci?", sai "wa ya ɓata miki rai yau?" Daga nan ya nemi hoto ba hijabi, ta tura. Daga nan ya nemi abin da ya wuce haka. Jama'a, da yatsana na ƙirga, sau 11 ta ce a'a. Ta ce haramun ne, ta ce tsoro take ji, ta ce ya bari sai an ɗaura aure. Shi kuma sai ya yi fushi ya ɗauke wuta kwana uku, ya dawo ya ce ashe ba ta yarda da shi ba, ya ce ƙawarta wance ba ta yi wa saurayinta wannan rowar. A na 12 ta tura, ta hanyar nan da ake cewa gani ɗaya hoto ya ɓace. Bai ɓace ba, washegari ya dawo mata da shi. Tun daga ranar ko ta ƙara wani, ko ta turo kuɗi, ko kuwa ya saka a rukunin ajinsu. Kuɗin fotokofi da canjin gwangwanina can suka tafi.

Abin da na yi kuwa, har yau ina cizon yatsa. Na mare ta, mari biyu, na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba, har da sunan uwarta a ciki. Ko fuskarta ba ta kare ba. Da na gaji na zauna, sai ta ce: "Yafendo, da na san ba za ki dake ni ba, da tun watan jiya na faɗa miki."

To ga tambayata. Yarinyar nan tana salla, tana zuwa islamiyya Asabar da Lahadi, ba ta yawon biki, ban taɓa kama ta da namiji a zaure ba. Me ke kai irinta ga wannan? Wayar ce? Rashin kuɗi ne? Maraici ne? Ko ni ce da na bar ta da dare ina bin kuɗin sallah? Kuma yaya zan yi yanzu? Maigida bai sani ba. Baffanninta na Gidar in suka ji, makaranta ta ƙare, kafin babbar sallah sun aurar da ita.

Baffan Yara, Kusiri

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya rufa asiri, ya jiƙan mahaifiyarta. Ni ban ga abin dogon bincike a nan ba. Wanda ya ajiye garwashi kusa da auduga ba ya tambayar abin da ya kawo gobara. Waya ce. 'Ya'yana mata huɗu, babu wadda ta riƙe babbar waya sai a ɗakin mijinta, ƙarama mai tocila ta ishe ta kiran uwarta. Ki karɓe wayar yau ɗin nan, ki faɗa wa maigidanki domin ɓoye masa kuskure ne, in kuma akwai mai so na kirki a yi mata aure a huta. Boko bai fi mutunci ba. Marin da kika yi kuwa kada ya dame ki, uwa ce ke.

Mai Gyaran Waya, Marwa

Baffa, da girmanka, amma ni da na shekara 9 a kan teburin gyara a kasuwar Marwa zan ce maka hana waya ba ya hana komai. Yarinyar da aka hana waya tana da sim ɗaure a bakin zane, ta saka a wayar ƙawa. Na san wayoyin da samari suka saya, a gidan maƙwabta suke kwana. Waɗannan sun fi haɗari, domin wanda ya sayi waya gani yake har mai wayar ya saya.

Inna, a labarinki abin da na fi ganewa shi ne kiredin 500 ɗin nan. Waya sau ɗaya ake saya, kiredi kuwa kullum ne. Iyaye sai su sayi waya su ce sun gama, ba sa tambayar wa ke zuba koneksiyon, wato data. Waya ba koneksiyon moto ce ba mai, kuma wanda ya zuba man shi ke cewa ina aka nufa. 500 ba kuɗi ba ne, amma in ta zo sau 20 ta zama bashi a zuciyar yarinya mai kunya. Marar kunyar ma sai ta cinye ta toshe lambarsa. Mai kunyar ce ke jin nauyin cewa a'a ga wanda ta ci nasa.

Sai ɓangaren samarin, wanda ba a cika magana a kansa ba. Akwai benci a gaban rumfata, nan suke zama suna jiran caji, kunnena kuma ba a toshe yake ba. A tsakaninsu hoton yarinya kamar kofin ƙwallo ne, wanda ba shi da ko ɗaya shi ake tsokana, a ce masa liman. Wani ma ba son yarinyar yake ba, so yake ya nuna wa abokai shi ma ya iya. Su miƙa wa juna ta Xender, ko koneksiyon ba sa bukata. Ranar nan wani yaro da bai wuce 17 ba ya kawo mini waya gilashi ya tarwatse. Bai tambaye ni lambobinsa ba, bai tambayi kuɗin gyara ba, tambayarsa ɗaya ko abin da ke cikin kalkuleta zai dawo. Ba kalkuleta ba ce, ma'ajiya ce mai kama da ita, sai ka buga lambar sirri ta buɗe. Na ce masa ni in na gyara wanke wayar zan yi tas. Ya ɗauki kayarsa ya tafi rumfar gaba. Shi ya sa ma nake ce miki kada ki kai wayarta gyara a yadda take, a cikinmu akwai marasa tsoron Allah.

Batun gani ɗaya kuwa, WhatsApp ya kawo shi a 2021, daga baya ya hana ɗaukar hoton fuskar wayar a kansa. Amma ba shi da ikon hana waya ta biyu. Ka buɗe a taka, aboki ya ɗauka da tasa, shi ke nan. Snapchat ma haka. Yara sun ɗauka kariya ce, kuma wannan zaton ne ke ba su ƙarfin halin da ba za su yi ba in sun san hoton zai zauna. Ki bincika, da wayar wa ya ɗauka? Hoton na can ma.

Kuma masu 'ya'ya maza kada su yi barci. Ana buɗe shafi a Facebook ko Instagram da hoton kyakkyawar yarinya, a yaudari yaro ya tura nasa, cikin awa ɗaya a fara neman kuɗi. A 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu wannan sana'ar, nan maƙwabta. Wani yaro ya taɓa zuwa zai sayar mini da Infinix sabuwa rabin kuɗi, hannunsa na rawa. Da ƙyar ya faɗa mini dalili. Shi ma tsoron ubansa ya fi masa tsoron ɓarayin.

Shawarata: ko dala kada a ƙara biya, mai karɓa ba ya ƙoshi. Kada ki goge saƙonnin barazanar da na karɓar kuɗin, su ne shaidarki. Amma hoton kansa kada ki tura wa kowa, ko da sunan neman shawara. Akwai wani shafi kyauta, Take It Down, na wata ƙungiyar kare yara ta Amurka, don 'yan ƙasa da 18. Hoton ba ya barin wayar, wata lamba ce kamar zanen yatsa ake cirewa daga jikinsa a ba su Facebook da Instagram da TikTok, in an ɗora su gane shi su sauke. Sai dai hannunsa bai kai cikin saƙonnin WhatsApp ba, domin su a kulle suke tafiya.

Inna Mai Ɗinki, Garwa

Baffa na gode, Allah ya saka. Wayar tana hannuna tun daren. Amma aure, wa zan ba? A kai ta gidan miji da wannan tsoron a cikinta, ranar da hoton ya fito a can fa? Mai gyara, maganar kiredi ta dake ni. Wallahi wata takwas ban taɓa tambayar kaina da me take shiga WhatsApp ba.

Malam Na Lise, Ngaundare

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Ni malamin SVT ne, wato kimiyyar halittu da ƙasa, shekara 14 ina koyarwa, kuma na zauna a majalisar ladabtarwa kan irin wannan magana fiye da yadda nake so.

Tunda kin tambayi dalili, bari in kawo abin da masu bincike suka gani, da sharaɗin cewa yawancinsa a Amurka da Turai aka yi, ba za a ɗauko shi a manna wa Garwa yadda yake ba. A 2018 wata malama a jami'ar Calgary ta Kanada, Sheri Madigan, da abokan aikinta suka haɗa bincike 39 da aka yi kan yara sama da 110,000, suka buga a mujallar JAMA Pediatrics. Kusan kashi 15 cikin 100 sun taɓa tura irin wannan saƙo ko hoto, kashi 27 sun taɓa karɓa, kashi 12 kuma sun taɓa miƙa na wani gaba ba da yardarsa ba. Abin yana ƙaruwa da shekaru, ɗan 16 ya fi ɗan 13, kuma ta wayar hannu aka fi yi, a nan Baffa yana da gaskiyarsa. Amma tsakanin maza da mata ba su ga wani bambancin kirki ba wajen turawa. Mu kuwa a nan da an ce hoto, mace ake kallo.

A 2019 rukunin nasu ya sake haɗa bincike 23, suka ga abin yana yawan tafiya tare da damuwa da ƙuncin zuciya, da shan giya ko ƙwaya ko taba, da fara jima'i da wuri, kuma alaƙar ta fi ƙarfi ga masu ƙananan shekaru. Sai dai ki riƙe wannan da kyau: tafiya tare ba ta nuna wanne ya haifi wanne ba. Ƙunci na iya tura yarinya neman mai lallashinta, hoton da ya fita kuma na iya jefa ta cikin ƙunci. Kada ki ji wannan jerin ki fara binciken jakarta kina neman ƙwaya. Yarinyar da ta ce a'a sau 11 ba lalacewa ce ta kai ta ba, matsi ne aka yi mata har ta gaji.

Abin da nake koyarwa a aji ma ya shigo ciki. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura 20 da 'yan kai. Sashen da ke son yabo da karɓuwa wurin tsara kuwa tun balaga yake ci da wuta. Yarinya ta san haramun ne, ta san haɗari ne, in ka tambaye ta a aji za ta ba ka amsa mai maki 20 bisa 20. Ƙarfe ɗayan dare, ita kaɗai, mutumin da ya saba tambayarta ko ta ci abinci ya yi kwana uku bai kula ta ba, wannan sanin ba ya riƙe ta.

A ajin da ke da yara sama da 80, waɗanda na ga abin ya ritsa da su ba masu rawar kai ba ne. Yawanci masu shiru ne: 'yar riƙo, wadda iyayenta suka rabu, wadda aka turo daga ƙauye ta zauna gidan dangi don karatu. Ba laifin masu riƙon ba ne kullum. Mutum na iya ciyar da yaro ya tufatar da shi, amma bakinsu bai taɓa haɗuwa kan abin da ya wuce "kin yi salla?" da "ɗauko mini" ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake ƙarewa. Hoto ya fita, a kira majalisa, yarinya ta bar makaranta ko an kore ta ko kunya ta kore ta, yaran da suka yaɗa kuwa su rubuta jarrabawarsu lafiya lau. Alhali a addini, aya ta 19 a Suratun Nur kan masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai take magana. A dokar ƙasa ma, dokar 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi ga mai yaɗa irin wannan hoto na yaro ko yarinya, a Yulin 2023 kuma aka ƙara wata doka musamman don kare yara a intanet. Neman kuɗi da barazana shi ma laifi ne mai zaman kansa. Yaron nan bai san a bakin ramin da yake tsaye ba, iyayensa ma ba su sani ba. Hukumar ANTIC ta gwamnati, mai kula da fasahar sadarwa, na karɓar ƙorafi kan laifukan intanet, akwai kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a da aikinsu ke nan, kare yara.

Baffa, a gafarce ni, cire ta daga makaranta hukunta wanda aka cuta ne. Sauran 'yan matan unguwa kuma suna kallo. Darasin da za su ɗauka shi ne in ya same ki, ki yi shiru ki biya.

Ɗalibar Dang

Inna, ni shekarata 21, ina jami'ar Ngaundare a nan Dang, ban daɗe da barin shekarun 'yarki ba. Abin da manya ba ku sani ba shi ne yadda ake sa mutum ya ji shi kaɗai ne baƙauye. "Kowa na yi" ita ce kalmar. Ƙarya ce, yawancinmu ba mu yi ba, amma wa za ki tambaya ki tabbatar? A gida ba a maganar, kunya. A islamiyya a ce haramun ne a wuce, ba wanda zai ce miki in ya yi fushi ya daina magana ga abin da za ki yi. Ƙawaye kuma kowa na nuna ita ta waye. Ranar da na fara al'ada ma ƙawa ce ta yi mini bayani, ba mahaifiyata ba, to ta ina zan fara ce mata wani na roƙona hoto?

Ni ma an roƙe ni ina ajin faramiya, na kusa da ƙarshe a lise. Abin da ya cece ni ba wayo ba ne, yayata ce. Ɗaki ɗaya muke kwana, ta ga ina ta juyi, ta karɓi wayar ta karanta, ta yi dariya ta ce "wannan ɗan iskan ko rubutun Faransanci bai iya ba." Dariyar nan ce ta karya abin. Da ni kaɗai ce a ɗakin, ban san me zan yi a roƙo na 12 ba.

Ki ba ta haƙuri kan marin, Inna, da bakinki. Na san a wurinmu babba ba ya ba yaro haƙuri. Amma in yaron nan ya sake turo barazana ta wata lamba, ke za ta kawo wa ko kuwa gwangwanin canji za ta koma?

Baffan Yara, Kusiri

Malam, na ji. Ban ce a bar yaron ba, a kai maganar gaban ubansa. Amma har gobe ina nan kan bakata, a ce da ba wayar da ba a kai nan ba.

Inna Mai Ɗinki, Garwa

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana.

Na ba ta haƙuri. Ban iya kallon idonta ba, ina tsefe mata kai na faɗa, ta baya. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar marin. A nan take gaya mini ranar da ya fara turo mata "kin ci abinci?" ita ce ranar da uwarta ta cika shekara 6, ni kuma ina shago, ban ma tuna ba sai da ta faɗa.

Shekaranjiya na ɗauki ragowar ɗinkin uwar yaron, wata doguwar riga da ban gama wa aiki ba kafin sallah, na kai mata da kaina bayan la'asar. Muka gaisa, ta gwada, ta yaba. Sannan na ce Hajiya a rufe ƙofa, magana ce da ni. Da ta ji, buɗar bakinta sai cewa ta yi in ɓera na da sata daddawa ma na da wari, ai 'yata ce ta tura. Ban yi musu ba. Na buɗe hirar na fara karanta mata a'a ɗin yarinyar ɗaya bayan ɗaya, da kwanan wata, da amsar ɗanta a ƙarƙashin kowacce. Ban kai ta bakwai ba ta ce in tsaya. Na ƙi tsayawa, sai da na kai 11, na ɗora da saƙonnin Orange Money. Na kuma faɗa mata abin da Malam ya ce kan doka. Ta zauna a bakin gado da sabuwar rigar a jikinta, zare na lilo a hannun da ban datse ba.

Aka kira shi. Wannan karon bai durƙusa ba, tsaye ya yi yana kallon ƙasa. Ya goge a gabanmu, har cikin ma'ajiyar da mai gyara ya faɗa, kuma wallahi kalkuleta ce kamar yadda ya ce. Uwar ta ƙirgo jaka tara ta miƙo mini, na karɓa, kuɗina ne. Da na tambaye shi da wayar wa ya ɗauka, sai da uwar ta daka masa tsawa ya faɗi suna. Abokin ya tafi hutu Figil, sai Lahadi zai dawo. Ya rantse abokin bai tura wa kowa ba. Rantsuwar mai barazana kuwa kun san nauyinta.

Baffa, na faɗa wa maigida, daren jiya da ya sauka. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce baffanninta ba za su ji daga bakinsa ba, amma shi sai ya ga uban yaron da uban abokin, in kuma hoton ya fita ko waya ɗaya ce, hukuma zai je. Ni a nan ne cikina ke ɗurar ruwa, don Garwa ƙarama ce, magana in ta shiga ofis ban san ta ƙofar da za ta fita ba.

Ita kuwa yanzu da yamma shago take zuwa, ta share gefen teburin yanka ta yi aikin gidanta, wayar na caji a kan kanta kusa da dutsen guga. Kiredi ni zan riƙa saka mata duk Juma'a. Lissafin ne dai ba mai warware mata, ni ko teburin ninkawa da ƙyar.

Litinin ake komawa makaranta. In akwai wanda ya taɓa shigar da irin wannan ƙara a nan Arewa, ya san yadda ake yi sunan yarinya bai fita ba, don Allah ya faɗa mini kafin Lahadi.